Taro da Tufafi: Matsayin Tarurruka a Tarihin 'Yan Sape na Kwango

Gabatarwa

Manazarta al'adu sun saba, idan suka zo magana a kan sutura, su tsaya a kan tufar kanta: da me aka saƙa ta, wane ne ya ɗinka ta, mene ne sunanta, daga wace ƙasa ta fito. Wannan hanya tana da amfaninta, amma takan bar wani abu a baya, watau wurin da ake sanya tufar da kuma mutanen da ake sanya ta dominsu. A cikin wannan maƙala za mu ɗauki misali guda daga nesa da ƙasar Hausa don mu duba wannan al'amari. Misalin kuwa shi ne na 'yan Sape, wasu ma'abota ado da ke Barazabil da Kinshasa, manyan biranen ƙasashen Kwango guda biyu, waɗanda kogin Kwango ne kaɗai ya raba su. Abin da muke son nunawa shi ne, tarihin waɗannan mutane yana bin tarihin wuraren taruwarsu sawu da ƙafa. Duk lokacin da aka buɗe wani fage sai al'adar ta bunƙasa, in kuwa aka rufe shi sai ta yi ƙaura ko ta sake kama.

Ya kamata mu fara da sunan. Kalmar "sape", wadda ake furtawa "sap", ta fito ne daga Faransancin kan titi, inda "se saper" ke nufin mutum ya sa kaya, musamman ya caɓa ado. Daga baya ne aka ɗauki haruffanta huɗu aka ce taƙaitawa ce ta Société des Ambianceurs et des Personnes Élégantes, abin da za mu iya fassarawa da "Jam'iyyar Masu Raya Taro da Ma'abota Ado". Ba wata jam'iyya ce guda ɗaya mai hedkwata da sakatare ba, ƙananan ƙungiyoyi ne barkatai. Amma mai karatu ya lura da jerin kalmomin: masu raya taro aka fara ambata, sa'an nan ma'abota ado.

Ɗan Sape yana iya zama direban tasi, ko kafinta, ko ƙaramin akawu, ko ma wanda ba shi da aikin yi, amma ya mallaki kwat da wando ɗinkin manyan telolin Faris ko Italiya, da laktaye na siliki, da takalmin J.M. Weston wanda kuɗinsa ya fi albashinsa na watanni. Yana da ƙa'idoji, mafi shahara a cikinsu ita ce kada launukan da ke jikin mutum su wuce uku. Bahaushe zai ce ai wannan ɗan gaye ne, ko ɗan ƙwalisa. Fassarar ba ta cika ba, domin ɗan ƙwalisa halinsa ne shi kaɗai, shi kuwa ɗan Sape yana da manya da ƙanana, da abokan gasa, da alƙalai, da ranakun fita.

Daga Makoki Zuwa Gidan Rawa

Tun kafin zuwan Turawa tufa dukiya ce a wannan yanki. A daulolin Kongo da Loango ƙyallen da ake saƙawa da zaren tukurwa shi ne kuɗi, kuma sunansa "mbongo" shi ne ya zama kalmar kuɗi a harshen Lingala har yau. Idan babban mutum ya mutu akan naɗe gawarsa da tufafi masu ɗimbin yawa, dangi da abokai kowa ya kawo nasa, yawan tufar shi ke nuna wa jama'a girman mamacin. Ashe ke nan haɗa tufa da daraja, da kuma nuna ta a gaban taro, ba Bature ne ya kawo ba. Abin da Bature ya kawo shi ne sabon samfurin tufar.

Faransawa sun kafa Barazabil cikin 1880, suka mai da shi hedkwatar mulkinsu na tsakiyar Afirka cikin 1910. Suka keɓe wa baƙar fata unguwanni biyu. Ɗaya ita ce Bacongo, a kudu, inda mafi yawan mazauna 'yan ƙabilar Kongo ne, musamman reshensu da ake kira Lari. Ɗayar kuwa ita ce Poto-Poto, matattarar baƙi daga ko'ina, har da fataken Afirka ta Yamma, shi ya sa ma akwai titi a cikinta mai sunan Hausawa. Phyllis Martin, a littafinta na 1995 a kan nishaɗi da zaman jama'a a Barazabil ta zamanin mulkin mallaka, ta nuna cewa boyi-boyi da kuku na gidajen Turawa suna cikin waɗanda suka fara shiga kayan Turai, domin sau da yawa tsofaffin kayan maigida akan ba su a bakin wani ɓangare na lada. Akawuna da masu aikin kanti suka bi baya. Ranar aiki kowa yana ƙarƙashin Bature, ba mai kallonsa. Ranar Lahadi kuwa, bayan an tashi daga coci, da kuma a bakin filin ƙwallo da gidajen rawa na yamma, nan ne mutum yake fitowa a gan shi. A tsallaken kogi, a Kinshasa, wadda a lokacin ake kira Léopoldville, akawunan da kamfanonin Turawa suka ɗauko daga gaɓar Afirka ta Yamma a shekarun 1930 sun zama abin koyi ga samari wajen sa kaya da rawa.

A wannan zamani ne André Matsoua, wani mutumin Lari, ya kafa ƙungiyar taimakon juna ta 'yan tsakiyar Afirka a Faris cikin 1926. Faransawa suka ga alamar tawaye a cikinta, suka kama shi, daga ƙarshe ya mutu a kurkukun Mayama cikin 1942. 'Yan Sape na Bacongo suna ƙirga shi cikin kakanninsu, suna tuna shi da cewa ya dawo daga Faris cikin shigar cikakken Bafaranshe. Ko mai tarihi bai yarda da cewa Matsoua ɗan Sape ne ba, dole ya lura da abin da wannan da'awa take nunawa: tafiya Faris, da dawowa, da tsayawa gaban jama'a cikin sabuwar kama. Babban titin da suke baje kolinsu a Bacongo ma sunansa yake ɗauke da shi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu fagen ya faɗaɗa. Cikin 1948 aka buɗe gidan rawa na Chez Faignond a Poto-Poto, wanda ya zama cibiyar kiɗan rumba. A shekarun 1950 samari suka kafa ƙungiyoyin ado, mafi suna a cikinsu ita ce ta "Existos", waɗanda suka aro sunansu daga masu falsafar da ke tashe a Faris a lokacin, ko da yake falsafar ba ta dame su ba kamar yankan kwat. Mata ma ba a bar su a baya ba. Georges Balandier, a littafinsa na 1955 a kan unguwannin baƙar fata na Barazabil, ya yi bayanin ƙungiyoyin mata irin su La Violette da La Rose, masu fitowa gidan rawa cikin atamfa iri ɗaya, kamar dai yadda matanmu suke yin anko ranar biki. Abin lura a nan shi ne, waɗannan ƙungiyoyi na maza da na mata duk adashi suke yi. Da kuɗin adashin ake ɗinka kayan fita, da shi kuma ake yi wa ɗan ƙungiya jana'iza ko a agaza masa in ya kwanta ciwo. Watau ado da zumunta a tukunya ɗaya aka dafa su.

Tafiya da Saukowa

Ƙasashen biyu sun sami 'yancin kai cikin 1960. A Barazabil, tun daga juyin 1963 ƙasar ta karkata ga gurguzu, sa'an nan cikin 1968 Marien Ngouabi ya karɓi mulki, iko ya koma hannun sojojin arewacin ƙasar. Samarin Bacongo da yawa suka ga hanyoyin ɗaukaka biyu da aka sani, watau makaranta da jam'iyyar gwamnati, sun toshe musu. A cikin wannan hali ne Sape ta ɗauki siffar da aka san ta da ita, wadda Justin-Daniel Gandoulou ya bayyana filla-filla a littafinsa Entre Paris et Bacongo na 1984. Ya dace mu ɗan daɗe a nan, domin nan ne matsayin taro ya fi fitowa fili.

Saurayi yakan fara ne a gida, yana aron kaya daga abokai ko yana haya don ya halarci rawa. Mu kan ce zanen aro ba ya rufe katara, su ma sun san haka, domin a unguwa ɗaya kowa ya san rigar kowa. Don haka burinsa shi ne ya tafi Faris. Idan ya isa, ta kowace hanya, sai ya faɗa cikin wahala: kwana a cunkushe a ɗaki guda, da yawansu a wani gidan ɗaliban Kwango da ke kusa da dandalin République, ga yunwa, ga sanyi, ga rashin takardun zama. Duk abin da ya samu a tufafi yake zubawa, har sai ya haɗa cikakken jerin kayan da ake bukata, abin da suke kira "la gamme". Wannan tarin kaya ba shi da wata daraja muddin yana cikin akwati a Faris. Bafaranshen da ya gamu da shi a jirgin ƙasa baƙo kawai yake gani, bai san bambancin wannan kwat da waccan a ma'aunin Bacongo ba, bai kuma damu ya sani ba.

Sai ya yi abin da suke kira "la descente", watau saukowa gida. Galibi a watannin Yuli da Agusta ake yi, lokacin hutun Faransa, wanda ya dace da rani a Barazabil, sa'ad da gari yake da ɗan sanyi har mutum ya iya jure wa kwat. Labarin zuwansa yakan riga shi isowa. Zai bi mashaya da gidajen rawa ɗaya bayan ɗaya, kowace fita da kayanta, ba a maimaitawa. A tsakiyar fili zai yi rawar da ake kira "danse des griffes", rawar nuna tambari: ya buɗe gaban kwat a ga sunan telan da ke ciki, ya ɗage ƙafar wando a ga safa da takalmi, ya juya a ga yadda kafaɗa ta zauna. Tafiyar ma da irin tata, taku ɗaiɗai cikin taƙama. Akwai kuma gasar baki, inda abokan hamayya suke yi wa kansu kirari suna yi wa juna zambo, wanda ya kasa mai da martani ya faɗi ko da kayansa sun fi tsada. 'Yan kallo kuwa ba jahilan abin ba ne. Sun san na gaske, sun san jabu, sun san yayin bara. A ƙarshe su ne za su yanke hukuncin wanda ya fi, kuma kalmar da ake kiran wannan hukunci da ita, "proclamation", ita ce wadda makarantun can suke amfani da ita ga ranar faɗin sakamakon jarrabawa. Wannan aron kalma ba banza ba ne a bakin samarin da yawancinsu makaranta ta kora.

Saukowa ɗaya ba ta isa. Dole mutum ya koma Faris ya sake tarawa, ya sake saukowa da abin da ya fi na da, har ya kai matsayin babba, wanda ƙanana suke kira "yaya", kalmar da a harsunan can ma take nufin wa ko ya, kamar dai a Hausa. Gandoulou ya kwatanta wannan zagaye da al'adun shigar da yaro cikin manya: a raba shi da gida, ya sha wuya a wani wuri, ya dawo a karɓe shi da sabon matsayi. Jonathan Friedman kuma yana ganin cewa a tunanin mutanen Kongo tufa ba ta tsaya ga rufe jiki ko kwaikwayon wani ba, hanya ce ta jawo ƙarfi da albarka zuwa ga mai sanye da ita. Ko wanne daga cikin bayanan biyu aka ɗauka, ba ya tsayawa sai da shaidu.

A nan ya kamata mu yi hattara da yabon da ya wuce kima. Wasu marubuta suna son su mai da ɗan Sape gwarzon yaƙi da mulkin mallaka, mai doke Bature da makaminsa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma kwalliyar ba kullum take biyan kuɗin sabulu ba. An bar iyali da yunwa saboda takalmi. An shafa mayukan sauya launin fata masu lahani don a dawo da "hasken Faris". Janet MacGaffey da Rémy Bazenguissa-Ganga, a littafinsu Congo-Paris na 2000, sun nuna yadda wani sashe na wannan rayuwa ya dogara ga sata da cekin bogi da cinikin takardu. Taron da yake ɗaga mutum shi ne kuma yake tilasta masa ya ci bashi don kada ya ji kunya a gabansa.

Fage mafi muhimmanci a cikin gari, bayan gidan rawa, shi ne zaman makoki, wanda ake kira "matanga". Wannan zai ba mai karatu Bahaushe mamaki, tun da a wajenmu gidan rasuwa wurin ƙanƙan da kai ne. A Barazabil da Kinshasa makoki yakan ɗauki kwanaki, a kafa rumfuna a kan titi, a yi kiɗa, a kwana zaune. Ba a sayen tikiti, ba a kuma korar kowa, saboda haka babu taron da ya kai shi jama'a. Zuwan 'yan Sape cikin cikakken ado girmamawa ce ga mamaci, iyalinsa ma sukan yi alfahari da shi. Idan muka tuna da tufafin da ake naɗe gawar manya da su a zamanin da, za mu ga cewa tufar ce ta tashi daga jikin mamaci ta koma jikin masu makoki.

Kinshasa: Dandalin Mawaƙa

A tsallaken kogi labarin ya bi wata hanya dabam. Mobutu ya sauya sunan ƙasar zuwa Zayar cikin 1971, ya shigo da manufar komawa ga asali. Daga 1972 aka hana maza sa kwat da laktaye, aka maye gurbinsu da wata riga mai suna "abacost", daga kalmomin Faransanci masu nufin "a yi ƙasa da kwat". Ofis da taron hukuma suka rufu ga mai son ado. Wurin da ya rage shi ne dandalin kiɗa, musamman a unguwar Matonge. Papa Wemba, wanda yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Zaiko Langa Langa cikin 1969, ya kafa tasa mai suna Viva La Musica cikin 1977, ya mai da gidansu da ke Matonge wani "ƙauye" da ya kira Molokai, ya naɗa kansa dagacinsa. Samari suka riƙa zuwa wasansa don su ga abin da ya sa, su kuma nuna nasu. Da yake a nan ba kwat ɗin Bafaranshe ake bi sau da ƙafa ba, sai adon Kinshasa ya fi na Barazabil ɗaukar ido da yawan launi, ya karkata ga ɗinkin Versace da na telolin Japan irin su Yohji Yamamoto.

Mawaƙi ya ƙara wa taro wani abu da gidan rawa ba shi da shi, watau dawwamar da suna. Al'adar jefa sunan mutum a cikin waƙa, wadda suke kira "libanga", ta yi kama ƙwarai da aikin maroƙanmu: mai kuɗi ko mai ado ya yi kyauta, a ambace shi, faifai ya kai sunansa inda ƙafarsa ba ta taka ba. Ta haka ne sunan Adrien Mombele, wanda aka fi sani da Stervos Niarcos, ya game gari. Shi ne ya kira abin nasu "addinin kitendi", watau addinin ƙyalle. Mobutu bai janye dokar hana kwat ba sai a jawabinsa na 24 ga Afrilu 1990.

Rufewar Fage da Zuwan Kyamara

Shekarun 1990 sun gwada ƙarfin al'adar. Yaƙin basasa ya ci Barazabil cikin 1993 da 1997, sa'an nan a watan Disamba na 1998 faɗa ya tashi a Bacongo da maƙwabciyarta Makélékélé, dubun dubatar mutane suka gudu daji. Babu gidan rawa, babu mai saukowa daga Faris. Sape ta yi kwanciyar rai a gida, ta ci gaba da numfashi a ƙananan mashaya na 'yan Kwango a Faris da Beljiyam, waɗanda ake kira "nganda", da kuma unguwar Château Rouge. Ƙofar Turai ita ma ta ƙara ƙunci. Cikin 2003 aka kama Papa Wemba kansa a Faransa bisa laifin shigo da mutane da sunan 'yan ƙungiyarsa ne, ya yi 'yan watanni a tsare. Bayan wannan kuma 'yan adawar gwamnatin Kinshasa mazauna Turai suka shafe shekaru suna hana mawaƙan ƙasar yin wasa a can, suna zarginsu da goyon bayan masu mulki. Wani babban fagen nuna ado ya sake rufewa.

Da zaman lafiya ya dawo, 'yan Sape suka sake fitowa a titin Matsoua da mashaya irin su La Main Bleue. Amma sun tarar da sabon ɗan kallo. Cikin 2009 Daniele Tamagni, wani mai ɗaukar hoto ɗan Italiya, ya fitar da littafin Gentlemen of Bacongo, wanda ya kai su idon duniya. Cikin 2014 kamfanin Guinness ya yi talla da su, kuma abin lura shi ne a Afirka ta Kudu aka ɗauki tallar. Gwamnatin Barazabil, wadda a shekarun 1980 take kallonsu a matsayin 'yan zaman banza masu ɓata tarbiyyar samari, ta koma tana gayyatarsu bukukuwan ƙasa. Mata ma sun shigo da ƙarfinsu, suna sa kwat da malafa suna karawa da maza, kamar yadda littafin hotuna na Tariq Zaidi na 2020 ya nuna.

Wannan shahara ta kawo wa wasu abinci, ba ma musun haka. Sai dai a ganinmu ta karkatar da fahimtar abin. Hoton da ya fi yawo a duniya shi ne na mutum guda cikin kwat mai ruwan hoda, tsaye gaban rusasshen bango ko kwata. An cire abokan gasarsa, an cire alƙalansa, an bar shi da talaucinsa, don mai kallo a Turai ya yi mamaki ko ya ji tausayi. Kyamara ba ta san tambarin gaske da na jabu ba, ba ta jin zambo, launi mai ƙarfi kawai take so, don haka sai wasu suka koma yin shigar da za ta burge baƙo maimakon wadda za ta gamsar da "yaya". Duk manazarcin da zai yi aiki da waɗannan hotuna ya kamata ya tambayi kansa su wane ne suke tsaye a bayan mai ɗaukar hoton, da kuma ko akwai su ma.

Niarcos ya mutu a Faris ranar 10 ga Fabrairu 1995, aka kawo gawarsa aka binne a maƙabartar Gombe da ke Kinshasa. Mabiyansa suka mai da wannan rana ta taronsu na shekara, inda suke haɗuwa a bakin kabarinsa cikin mafi tsadar kayansu, suna taku a tsakanin kaburbura, suna buɗe gaban kwat. Papa Wemba kuwa a kan dandali ya faɗi, a gaban 'yan kallo, yana tsakiyar waƙa a wani bikin kiɗa a Abijan, ranar 24 ga Afrilu 2016. Da aka kawo shi gida, 'yan Sape na biranen biyu sun fito makokinsa cikin cikakken ado.